Zabon Maman Hafsa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka buɗe wani kwali a gabana na ga ɗan tsako mai zane a baya ba. Shi ya jawo mini ƙarin wata shida ina wanke mazubin ruwa, bayan har an fara yi mini barka da ƙarin girma. Ku da kuka fara aiki da mu bana kuna yawan tambayata me ya sa ba na yarda a faɗi irin baƙon tsako ranar da ya zo, sai an rubuta an jira. To ga dalilin.

A shekarar 2011 na bi Baban Hafsa zuwa Alƙahira, shi yana karatu, ni ina riƙe da yara biyu. Mun kama ɗaki a Ard al-Liwa saboda can ne haya take da sauƙi. Da muka shekara sai na ga zaman ɗaki ba zai kai mu ba, na nemi aiki, Allah ya haɗa ni da wata Bamisiriya da ake kira Hagga Ummu Sayyid, Hagga wato Hajiya a bakinsu. Tana da gidan renon 'yan tsaki a ƙarshen unguwa, wajen da gine-gine suke ƙarewa gonaki su fara. Mijinta ne ya kafa wurin, da ya rasu ta riƙe.

Bari in bayyana muku aikin, don ya ɗan bambanta da namu na nan Zariya. Mu ba ma ƙyanƙyasa. Daga gidan ƙyanƙyasa ake kawo mana tsaki 'yan kwana ɗaya, cikin kwalaye masu huda, ranar Talata da Asabar da safe. Mu rene su mako biyu ko uku, a yi musu rigakafi, sannan matan unguwa su zo su saya su kai saman bene. A can kusan kowane gida akwai kaji a saman rufi, tare da agwagi da tattabaru. Mace takan zo ta ce tana son na nama, ko masu ƙwai, ko baladi, wato irin na gida. Idan kika ba ta wani iri kika ce wani ne, ba za ta gane ba sai ta yi wata uku tana ciyar da shi. Ranar da ta gane kuwa, duk layin zai ji sunanki.

Matakan aikin uku ne. Na ƙasa, shara da wanke mazubi da canza ɓuntu, nan na fara. Na biyu, ɗigon rigakafi. Na sama shi ne tebur. Mai tebur shi ke buɗe kwali, ya duba cibiya ko ta warke, ya kwantar da tsako rigingine ya ga ko zai juyo da kansa, ya raba iri da iri. Abin da mai tebur ya faɗa shi ake rubutawa a jikin keji, kuma da shi ake sayarwa. Mai teburinmu wani dattijo ne, Ammu Ramadan, wato Baffa Ramadan, wanda tun yana yaro yake cikin kaji. Ba ya yawan magana, amma akwai tsokana a ƙarƙashin gashin bakinsa.

Ni kuma akwai wani abu da nake yi wanda ya sa suka san da ni. Boko na koya da girmana, a ajin yaƙi da jahilci a Giwa, kuma malamarmu ta ce mana hannun da ba ya rubutu kullum mutuwa yake yi. Don haka ina da ɗan littafi a aljihun rigar aiki. Komai na gani sai in rubuta: keji kaza sun sha ruwa, keji kaza sun taru gefe ɗaya, fitila ta mutu. Ba wanda ya sa ni. Suna kirana Ummu Hafsa mai alƙalami.

A watan Maris na 2013 Hagga ta tara mu ta ce idon Ammu Ramadan ya fara rauni, tana son a samu na biyu a tebur. Mu biyu ta zaɓa a gwada, ni da wata Nadiya mai ɗigon rigakafi. Ni da nake matakin ƙasa, tsallake za a yi da ni. Ranar da na gaya wa Baban Hafsa har shayi ya dafa mini da kansa.

Talatar farko ta gwajin, ni ce a tsaye kusa da Ammu Ramadan. Aka buɗe kwalin baladi, tsaki sun cika shi, masu ruwan ƙasa da baƙaƙe da masu ruwan ƙwai. Can a kusurwa sai ga wani ɗan ƙarami, ya fi kowa zafin nama. Bayansa da zane-zane, ruwan toka da ruwan ƙasa, kansa da ɗigo-ɗigo. Na miƙa hannu, ya zille, ya haye kan 'yan'uwansa.

Shekara biyu rabona da gida. A gidanmu na Giwa Innata tana da zabi, da yamma sukan haye tsamiyar bayan gida suna ta surutu, kuma ni ce mai tsaron 'ya'yansu kada shirwa ta ɗauka. Ina ganin zanen nan sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar gidanmu.

Ƙa'ida ita ce, duk tsakon da bai yi kama da 'yan kwalinsa ba, a ware shi, mai tebur ya faɗi irinsa. Hagga ta leƙo ta ce, "Yalla, ya Ummu Hafsa, ga gwajinki ya zo da ƙafarsa. Wannan mene ne?"

Ban ko ɗaga shi ba na ce, "Zabo ne, ya Hagga."

Sai da muka ɗan sha wahala kafin ta gane abin da nake nufi, don Larabcina a lokacin na cefane ne. Na kwatanta mata da hannu, na yi mata kukansa. Ta ce, "Ah, habashi!" Haka suke kiransa. Ta juya ga dattijon. "Ammu Ramadan?"

Ya ɗauki tsakon, ya juya shi, ya dubi ƙasansa, ya mayar. Ya ce, "Fayumi ne."

Ni ban taɓa jin wannan suna ba. Fayumi wani tsohon irin kaji ne na ƙasar, ƙanana, masu zane baƙi da fari. Mu ba ma sayar da su, don matan unguwarmu masu nama suke so, shi ya sa ban taɓa ganin tsakonsu ba. Na ce cikin ladabi, "Ammu, a gafarce ni, amma cikin zabi na tashi. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Ya binti, 'yata, ƙwan kaza kwana nawa yake yi?"

"Ashirin da ɗaya."

"Na zabo fa?"

"Ashirin da takwas."

"To yaya aka yi suka fito rana ɗaya? Ko shi jirgin metro ya hau?"

Aka yi dariya. Amma ina da amsa, kuma amsar ce ta kashe ni. Na ce a garinmu zabuwa ba ta iya reno ba, don haka kaza ake sa wa ƙwanta. Idan Innata tana son su fito tare, sai ta sa ƙwan zabo tun da mako guda, sannan ta ƙara na kaza. Na ce ƙila haka aka yi a gidan ƙyanƙyasar, wani ƙwai ya riga sauran shiga.

Hagga ta tafa hannu. "Allah! Ta kayar da kai, ya Ammu!"

Dattijon ya ɗauki shayinsa. Hagga ta ce ita 'yar kasuwa ce, ba 'yar ƙauye ba, ba za ta raba gardamar ba. "Amma tsako ba ya ɓoye ubansa fiye da kwana arba'in. A ba shi kejinsa. Ummu Hafsa, ke za ki kula da shi. In zabo ne, tebur naki ne. Khalas, magana ta ƙare."

Da na bar maganar a wurin aiki, da da sauƙi. Amma kowace Juma'a matan Najeriya mukan haɗu a wani gida a Madinat Nasr, a yi tuwo, a yi hira, yara su ji Hausa. Nan bakina ya suɓuce. Na ce, "Ku kun san akwai zabo a Alƙahira?"

Akwai wata Hajiya Turai a cikinmu, babbar mace, mijinta ma'aikaci ne, sun daɗe suna yawon ƙasashe. Ta ajiye cokali. "Maman Hafsa, ki ji tsoron Allah. Zabo? Namu na gida?"

"Da zanensa, Hajiya."

"Rabona da farfesun zabo tun auren ƙanwata. Kada a sayar wa kowa. Nawa ne. Ba ma yanka shi zan yi ba, mata zan nema masa, in cika saman benenmu da zabi, duk wadda ta haihu a garin nan in aika mata."

Kafin a watse an raba 'ya'yan zabon da ba a haifa ba har gida biyar.

Mako na zagayowa sai ga Hajiya Turai a Ard al-Liwa. Ta keto Alƙahira tun daga wancan gefe, ta sauka daga tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku, tana gyara mayafi, da ƙulli a hannu. Gero ne, na gida, wanda aka kawo mata daga Katsina take tattali don kunun azumi. Ta ce zabo ba ya jin daɗin abincin kamfani. Ta tsuguna gaban keji tana kiransa Ɗan Gida. Hagga tana kallo tana ce mini, "Wannan tsako ya fi ni dangi."

Ni kuma ina nan ina rubutu kamar yadda na saba. Littafin yana wurina har yau, ga abin da ke ciki.

Kwana huɗu: ƙafarsa ruwan toka ce, da ɗan kore-kore.

To 'ya'yana, ɗan zabo ƙafarsa da bakinsa ruwan lemo ne. Na san haka tun ina 'yar shekara bakwai. Na rubuta, na dubi abin da na rubuta, na ce a raina ƙila na Masar haka suke.

Kwana tara: kukansa irin na sauran tsaki ne.

Ɗan zabo wani ɗan fito yake yi siriri, mai karkarwa. Na ce ai cikin kaji ya tashi, dole ya ɗauki harshensu.

Kwana goma sha shida: wani abu ja yana tsirowa a kansa. A gaba na ƙara da cewa, wataƙila ƙaho ne.

Ammu Ramadan kuwa kullum da safe sai ya biyo ta wajen kejin, hannu a baya. "Sabahul khair, ya Ummu Hafsa. Yaya baƙonmu? Ya fara Hausa?" In ce, "Yana nan lafiya, Ammu." Ya leƙa, ya ce, "Masha Allah, ƙahon nan yana ta ja," ya wuce. Bai taɓa sake cewa Fayumi ba. Sau ɗaya ya faɗa, ya bar ni da shi.

Ranar kwana ashirin da huɗu na ɗauko shi na kai shi bakin taga. Abin da ke kansa ya fito sosai, ja wur, da haƙora-haƙora kamar zarto. Zanko ne. Ko Hafsa da take 'yar shekara biyar aka nuna wa za ta ce zakara ne. Wuyansa ya fara fari, jelarsa ta miƙe sama. Zabo kuwa jelarsa ƙasa take kallo.

Na ciro littafi, na buɗe, na riƙe biro. Sai na tuna tebur. Na tuna geron Hajiya Turai da ya kusa rabi. Na tuna gida biyar da ke jiran 'ya'ya. Na rufe littafin ban rubuta komai ba. Na ce gobe zan gaya wa Hagga. Gobe ta zo, aka kawo kwalaye, na ce sai an natsu. Haka na yi ta tura goben nan gaba kamar mai tura baro, har kwana goma sha biyu. Na ma koma ina juya kejin ta yadda kansa ba zai fuskanci ƙofa ba, kamar hakan zai mayar da zankon ciki.

Abin da ban sani ba, zakaran Fayumi ba ya jiran girma. Sauran kaji sai sun yi watanni, shi kuwa mako biyar ko shida ya ishe shi.

Ranar wata Laraba da hantsi, kwanansa talatin da shida, Hajiya Turai ta zo da mata biyu su ga abin arziki. Hagga ta sa aka kawo musu kujeru da shayi, don ta fara lissafin cewa 'yan Najeriya za su zama masu sayenta. Ammu Ramadan yana tebur, Nadiya tana gefensa. Ɗaya daga cikin baƙin ta ƙura wa kejin ido ta ce, "Hajiya, anya? Ni kam kamar..." Hajiya Turai ta katse ta. "Ke 'yar birni ce, me kika sani? Maman Hafsa cikin zabi ta tashi."

Ta kwance ƙulli, ta watsa masa gero. Ya ci, ya ci. Sai ya haye kan mazubin ruwa, ya karkaɗe fukafukai, ya miƙe wuya iya tsawonsa, ya saki wata irin cara shaƙaƙƙiya, kamar ƙofar langa-langa mai tsatsa. Bai gamsu da ta farko ba, ya sake.

Kowa ya juya ya dubi kejin.

Hajiya Turai ta juyo a hankali, geron yana hannunta. "Maman Hafsa. Zabin Masar cara suke yi?"

Ammu Ramadan ya tambaya me ta ce, ɗaya daga cikin matan ta fassara masa. Bai ko ɗago daga tsakon da yake dubawa ba ya ce wa Hajiya Turai, "Ma'alish, a yi haƙuri, ya Hagga. Zama da mu ne. Ya zama ɗan ƙasa."

Nan fa aka fashe. Hagga Ummu Sayyid ta riƙe ciki, Nadiya ta shige bayan buhuna. Hajiya Turai tana dariya tana share hawaye tana cewa, "Gerona! Geron kununa! Na hana 'ya'yana na ba zakara!" Ni ma na yi dariyar, amma fuskata kamar an watsa mata barkono.

Da baƙi suka tafi, Hagga ta kira ni ɗan ɗakin da take zama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in kawo littafina in karanta mata abin da na rubuta a kan tsakon, tunda ita ba ta karanta namu rubutun. Na karanta, ina fassarawa. Da na zo kan ƙafa ta ɗaga hannu.

"Kwana nawa ke nan?"

"Huɗu."

"Ci gaba."

Na karanta na tara, na karanta na sha shida. Na tsaya.

"Daga nan fa?"

"Babu, ya Hagga."

"Ke da kike rubuta mutuwar fitila? Yaushe kika gane?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ashirin da huɗu."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ya Ummu Hafsa, hannunki ya sani tun kwana huɗu, bakinki ne ya ƙi. Kuskure ba komai ba ne, kowa ya tsaya a tebur zai yi. Da kin zo mini ranar da kika rufe littafin nan kin ce Hagga na yi kuskure, wallahi da tebur naki ne, don wanda zai iya ƙaryata kansa nake nema. Amma kin bar matar nan tana keto gari da hatsinta. Yau tsako ɗaya ne kuma ta yi dariya. Gobe kwali ne, kuma matar da za ta saya ba ta da abin dariya."

Nadiya ta hau tebur ranar Asabar. Ni na koma wajen mazubi. Ba zan ce muku ban yi kuka ba, na yi, a bakin famfo, inda ruwa zai rufa mini asiri. Da na gaya wa Baban Hafsa ya ce in yi haƙuri, ya sake dafa mini shayi, amma na ga kafaɗarsa tana rawa da ya juya baya.

Juma'ar da ta biyo na tafi Madinat Nasr da ƙafata, na tsaya gaban matan nan na ce na gane tun da wuri na ɓoye, su yafe mini. Hajiya Turai ta ce ta yafe, amma zakaran nata ne, tunda duk jikinsa geronta ne. Ta kai shi saman benensu. Bai taɓa yin naman kirki ba, kuma ta ƙi yanka shi, ta ce ba zai biya ko rabin abin da ya ci ba. Ya zauna yana tashin maƙwabta. Har muka baro ƙasar, in an ji wata ta faɗi magana da ƙarfin gwiwa ba ta tabbatar ba, sai a ce mata, "A bari ya kwana arba'in tukuna."

Ammu Ramadan kuwa, bayan kwana biyu ya kira ni lokacin hutun azahar. Ya ɗora mini tsako a tafin hannu, ya juya shi, ya ce, "Daga ƙafa ake farawa. Sai baki, sai kai, sai kuka. Zane shi ne na ƙarshe. Zane riga ce, kowa yana iya arowa." Kullum sai ya ware mini biyar ko shida in faɗa masa, ya ce tamam ko ya girgiza kai. Ya hana ni amsa da sauri. In na ce ban sani ba sai ya fi jin daɗi fiye da in na canka daidai. Na tambaye shi me ya sa bai matsa mini ba tun farko, ya ce, "Na ga yadda kika kalle shi. Ba tsako kike gani ba, gidanku kike gani. Wannan ba a gardama da shi, sai dai a jira."

A watan Satumba aiki ya ƙaru, Hagga ta sa tebur na biyu, ta kira ni. Na riƙe shi har 2015 da Baban Hafsa ya gama karatu muka dawo.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A aikin nan ba rashin sani ne yake kayar da mutum ba, don wanda bai sani ba yakan tambaya. Wanda ya sani rabi kuma zuciyarsa tana son abu, shi ne abin tsoro, don zai samo wa kowace alama uzuri, kamar yadda na ɗauko dabarar Innata na kare kuskurena da ita. Ku rubuta abin da ido ya gani, ba abin da kuke fata ba. Ranar da littafi ya saɓa wa bakinku, ku zo ku same ni a ranar, kada ku jira zakara ya faɗa muku a gaban baƙi.

Ni kaina har yau, in aka buɗe kwali na ga mai zane a baya, zuciyata takan yi tsalle ta ce zabo. Ba na yi mata faɗa. Sai in bar ta ta gama, sannan in juya shi in dubi ƙafa.